Sharhi: dogon kaktus na bakin titi da ƙwayar saguaro ta intanet

Duk mai furannin da ya nuna maka dogon kaktus, wato shukar nan mai ƙaya marar ganye, ya ce saguaro ne, ka tambaye shi shekarun shukar. Wanda na saya a bakin titi a Kaduna ya kai ƙuguna, kuma mai sayarwa ya rantse mini shi ya raine shi tun yana ɗan tsiro. Nan maganarsa ta karye. Saguaro na gaske, mai hannuwa a ɗage sama wanda ake gani a fina-finan kaboyi, ɗan hamadar Sonora ne, wato kudancin jihar Arizona ta Amurka da arewa maso yammacin Meziko. A can, cikin shekara 8 na farko da ƙyar yake kai inci ɗaya da rabi, hannun farko kuwa sai ya yi shekara 50 zuwa 70. Yaron da ya sayar mini ko gemu bai gama haɗawa ba.

Duk da haka na biya, don shukar ta yi mini kyau. Da na isa gida sai na soke ta da allura. Wannan gwajin ya fi komai muhimmanci ga mai yara a gida: idan farin ruwa mai danƙo ya fito, to galibi ba kaktus ba ne, dangin ƙerana da tinya ne, irin waɗanda ake shinge da su a ƙauye, kuma ruwansu in ya shiga ido sai an ji jiki. Nawa ruwa garai ya fitar. Ƙayoyinsa kuma a dunƙule suke fitowa daga wani ɗan tabo mai laushin auduga, alamar da dangin ƙerana ba su da ita. Sai na ƙirga gefunan da suka taso a jikinsa daga sama har ƙasa: 6 ne, sirara, da zurfin kwari a tsakaninsu, launin kuma kore mai shuɗi-shuɗi. Saguaro kakkaura ne, gefunansa sun kai 12 ko fiye, ƙaya ta lulluɓe shi. Abin da ke hannuna Cereus ne, wani irin dogon kaktus ɗan Kudancin Amurka.

Kuma wallahi ban yi da-na-sani ba. Yau ya wuce kafaɗata, har ya fitar da reshe. Zafin bazara bai dame shi ba, hunturu ma ƙura kawai yake ɗauka, sai in watsa masa ruwa. Matsalarsa ɗaya ce, damina. Baƙar ƙasa mai taki da aka sayar mini da shi a ciki tana riƙe ruwa, kuma da Agusta ta kankama gindin ya soma laushi yana rawaya. Na juye shi a tukunyar ƙasa mai huji, da yashin rafi da tsakuwa da ɗan gawayi, na jawo shi ƙarƙashin rumfa inda rana ke samunsa amma ruwan indararo ba ya kai masa. Ya farfaɗo. A nan nake ganin laifin masu furanni: ƙasa ɗaya suke cusa wa kowace shuka.

Ƙwayar saguaro kuwa ta intanet na yi odarta daga baya, don in ga na gaskiyar da idona. Baƙaƙe ne ƙanana ƙwarai, kuma yawancinsu sun tsiro ba wahala da na barbaɗa su a kan yashi mai danshi na rufe da leda. Rana kai tsaye ta ƙone wasu, wanda ba abin mamaki ba ne, tunda ko a hamadarsu a inuwar wata bishiya suke fara rayuwa. Waɗanda suka tsira sun haura shekara, kowanne bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Jikokina ne za su ga hannunsu, in Allah ya raya su.

Mai son tsakar gida ta yi kyau cikin 'yan shekaru, Cereus zai saya, ya kuma sauya masa ƙasa tun kafin ruwan farko. Sai dai kada ya yarda a ƙara masa kuɗi da sunan saguaro.