Shagon mai da zuma a Babbar Kasuwar Katsina, komai sai ya hau sikeli

Masu sayen man gyaɗa jarka-jarka, musamman mata masu ƙosai da awara, akwai wani shago a Babbar Kasuwar Katsina da ya kamata ku gwada, dattijon da ke wurin bai yarda da awon ido ba sam.

Kuma ya iya lissafin wallahi. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, man gyaɗa kuwa bai kai ruwa nauyi ba, shi ya sa yake tasowa sama in sun haɗu, lita ɗayansa tana kama giram 920 haka. To jarka mai lita 25 in ta cika da gaske man cikinta kusan kilo 23 ne, kuma sai ya fara ɗora jarkar ba komai a ciki ya cire nauyinta a gabanka. In kilo ka sani kana neman lita, raba kilon da 0.92, kilo 10 zai ba ka kusan lita 11. Wannan ba ƙaramin abu ba ne tunda jarkoki ba ɗaya suke ba, wata ta sha rana ta buɗe ciki wata ta lotse, ka ga mai har wuya alhali lita guda ta tafi, mai tuya kuma ribarta ke nan ta ranar.

Zuma ita akasin haka take, lita ɗaya kusan kilo 1.4, don haka gorar ruwa mai 75cl in an cika ta da zuma za ta ɗan haura kilo ɗaya, wadda aka sirka da ruwa nan take sikeli ke tona ta. Na ce Baba, wadda aka haɗa da dafaffen sukari fa? Ya ce ɗana wannan sikeli bai kama ta, don ruwan sukari in ya yi kauri nauyinsu kusan ɗaya, sai dai ka san hannun da ka saya. Wannan gaskiyar tasa ta ƙara min yarda da shi.

Inda ban ji daɗi ba, sikelin guda ɗaya ne tal, da yamma layi yake yi sosai, kuɗinsa kuma ya ɗan ɗara na maƙwabta. Ku je da safe, ku tafi da jarkarku a bushe don ragowar ruwa ma nauyi ne.