Kyanwarmu da inshorar da ta ƙi biya

Yaya, kin ce in riƙa ba ku labarin Birmingham ta Ingila. To ga abin da ya tsaya mini a rai.

Kyanwar da yara suka matsa muka karɓa ce ta fara amai, ga yawan shan ruwa. Na kai ta asibitin dabbobi, likita ya duba, ya ce a sa mata ido, ya rubuta a kwamfuta. Kuɗin da na biya ranar ne ya sa na yi mata inshora a makon, domin a nan NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, ta mutane ce, jinyar dabba kuwa daga aljihunka. Duk wata suna cirar nasu, ban taɓa fashi ba.

Bayan wata bakwai gwajin jini ya nuna ciwon ƙoda. Na tura takardun neman biya hankalina kwance. Sai amsa ta zo wai ko sisi ba za su bayar ba. Ashe sun karɓi fayil ɗinta daga asibiti, sun ga aman nan da ƙishirwar. A ƙa'idarsu, duk ciwon da alamarsa ta bayyana kafin ka shiga, ko cikin kwana 14 na farko, tsohon ciwo ne, ko da likita bai ambaci sunansa ba. Da na kira, matar ta karanto mini sharaɗin da tattausar murya, ta ce ai na amince da shi. Wallahi Yaya, ji na yi kamar an kama ni da ƙarya, alhali tausayi ne ya kai ni asibitin da wuri. Sauya kamfani ma ba mafita ba ce, ƙodar ta zama tsohon ciwo a ko'ina. Akwai masu karɓa idan an yi shekara biyu ba alama, amma ƙoda ba ta warkewa. Yanzu na kai ƙara Financial Ombudsman Service, ofishin da ke duba koken jama'a a kan kamfanonin kuɗi da inshora, kyauta ne, ina jira.

Duk da ɓacin raina, tsarin ya burge ni. Kowace allura tana rubuce da ranarta. Tun Yunin 2024 dole ne a sa wa kyanwa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata a Ingila, in ta ɓata a gano mai ita.

Mu kuwa a gida ga garin Vom a kusa da Jos, tun 1924 ake binciken cututtukan dabbobi a can, amma akuya na ciwo sai a ɗura mata kafson mutane daga kemis, in ta ƙi tashi a kawo wuƙa. Kyanwa kuma yara su bi ta da jifa ana kiranta mayya, manya na kallo. Wannan yana ci mini rai.

Jiya na tuna kyanwar Hajiya, kwance gefen murhu da sanyin safiyar Jos. Don Allah ki sa Auta ya kai ta a yi mata rigakafin haukan kare, ku adana katin. Zan turo kuɗin ranar Juma'a.