Sharhi kan kwas ɗin adana iskar kabon a cikin kwal

Wata cibiyar koyarwa mai zaman kanta da ke wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina tana gudanar da gajeren kwas na ƙarshen mako domin ɗaliban ilimin ma'adinai da malaman kimiyya, kan yadda ake tura iskar kabon, wato hayaƙin da ke ɗumama duniya, cikin shimfiɗar kwal a ƙarƙashin ƙasa. Na halarta, kuma a ganina kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Ƙarfin kwas ɗin yana wurin malamin, wanda bai ɓata lokaci wajen kururuta fasahar ba. Ya kawo gutsuren kwal na Inugu, aka bi da shi hannu-hannu tare da gilashin ƙara girma, har kowa ya ga siraran tsagogin da suka ratsa shi a tsaye da a gicciye, waɗanda su ne hanyar da iska ke bi. Ya bayyana cewa kwal ya fi son riƙe kabon a kan iskar mitan, wato gas mai kama wuta da ke maƙale a jikinsa, don haka idan an tura kabon sai mitan ta fito a yi makamashi da ita. Matsalar ita ce da zarar kwal ɗin ya sha iskar kabon sai ya kumbura kamar waken da aka jiƙa, tsagogin su tsuke, rijiyar da ake tura iskar ta cikinta ta daina karɓa yadda ta fara. Haka aka gani a gwajin da aka soma a 1995 a kwarin San Juwan na Amurka, haka kuma a Yubari ta Japan, inda tura iskar naitirojin ya sake buɗe hanyar na ɗan lokaci.

Sai dai akwai gyara. Cibiyar ba ta da na'urar auna saurin ratsawar iska, saboda haka lissafin duk a kan allo ya ƙare, kuma wannan ya dame ni ƙwarai. An kuma taƙaita batun Najeriya, alhali ɗalibi yana buƙatar sanin cewa kwal irin na Maiganga a Gombe, da ake haƙa daga sama, bai dace da ajiya ba, domin sai shimfiɗa mai zurfi wadda ba za a taɓa haƙowa ba.

Mai neman fahimtar tushen al'amarin zai ƙaru sosai, amma mai shirin binciken digiri sai ya nemi ɗakin gwaji a wani wuri.