Randar Mirya: tana sanyaya ruwa, amma ba kowace ake ɗauka ba

Daga Afrilu zuwa Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, ruwan bido kan koma kamar na wanka tun kafin azahar. A nan randar Mirya ke cin kasuwarta. Mirya na gabas da Zinder, tafiyar kamar kilomita 18, kuma tukwanenta sun daɗe da yin suna. Randar ta ci kuɗinta. Matsalarta ɗaya ce, gashinta a wuta ba ya zuwa daidai: a jeri guda akwai wadda za ta yi shekaru, akwai wadda ba za ta ga damina ba.

Sanyin daga zufarta yake fitowa. Jikinta cike yake da ƙananan ƙofofi, ruwa na tsattsafowa waje, iska na ƙafar da shi, yana tafiya da zafi. A lissafi, ƙafewar lita 1 ta isa ta sauke zafin lita 40 da kusan digiri 14, ko da yake zafin ɗaki na cinye wani kaso. Shi ya sa ta fi aiki da bazara da hunturu, in iska ta bushe. Da damina kuwa sanyin kaɗan ne, kuma ba laifin maginiya ba ne. Masu shafe mata jiki da siminti ko fentin mai wai don ta daina yoyo, sun mayar da ita bokiti ke nan.

Ingancinta tun daga yumɓu yake farawa. Masana ma'adinan laka sun raba shi gida-gida, amma biyu suka shafi mai ginin tukwane. Akwai kawolin, wanda ya samo suna daga Gaoling ta ƙasar Sin, ba ya kumbura sosai in ya sha ruwa. Akwai kuma mai kumbura, irin baƙar lakar fadama da ke dararrashewa da rani, wanda aka raɗa wa sunan garin Montmorillon na Faransa. Wannan na biyun ya fi danƙo da daɗin gini, sai dai yana tsukewa ƙwarai wajen bushewa, ya tsage. Maganinsa gauraye: yashi, ƙaiƙayi, ko dakakken tsingaro. Tsingaro ya fi, don ya riga ya sha wuta, ba ya ƙara motsi. Ƙaiƙayi kuma yana ƙonewa ya bar ramuka, sanyi ya ƙaru, ƙarfi ya ragu. A dubi bakin randa da kyau: in ana ganin ɗigo-ɗigon ja a cikin lakar, an sa tsingaro.

Sai gashi. A fili ake yinsa, da kara da itace da kashin shanu, don haka wuta ba ta kama ko'ina daidai. Laka ba ta zama tukunya ta gaskiya sai ta wuce digiri 500 zuwa 600, inda ruwan da ke ɗaure cikin ma'adinin kansa ke fita. Wadda ta tsaya a gefen wuta ba ta kai nan ba, in ta jima da ruwa sai gindinta ya yi laushi ya fara zubewa. Yashin ciki ma yana kumbura farat ɗaya a digiri 573, shi ne ke jawo siririyar tsaga idan an gaggauta wutar ko an janye tukwane da zafinsu.

Wajen saye, a ɗaga ta daga ƙasa a ƙwanƙwasa da bayan yatsa a wuri uku: baki, ciki, gindi. Mai kyau tana amsawa ƙal-ƙal, sautin na ɗan jimawa. In ta ce ɓuf, ko ɗanya ce ko tana da tsaga, a mayar. A karce gindin da farce; in gari ya biyo, wuta ba ta ishe ta ba. Baƙin tabon hayaƙi ba aibi ba ne, kada ya hana ciniki. Abin gudu shi ne farar tsakuwa mai kamar ƙwayar gero a jikinta, domin ƙasa ce mai alli da ta gasu, tana shan laima ta kumbura ta ɓalle fatar randar bayan 'yan makonni.

Randuna masu zane suna da kyau a ɗakin amarya, amma adon da aka yi bayan gashi yana gogewa da jiƙa. Ta ruwan sha gara jar nan mara kwalliya.

Sabuwa a cika ta a zubar sau 2 ko 3 kafin a fara sha, warin ƙasa zai tafi. A girke ta kan yashi ko wata ƙaramar mazauna, a inuwa inda iska ke ratsawa, ba a manne da bango ba. A wanke ta duk kwana 3 da soso da ruwa zalla, ban da sabulu, don jikinta na shanye shi ya ɓata ɗanɗano. Randa ba ta kashe ƙwayoyin cuta: ruwan garuwa ko na rijiya a tafasa ko a sa masa magani tukuna, a rufe da murfi, moɗa kuma ta zama mai dogon hannu, a rataye ta a waje.