Masu haɗa man shafawa a Sakkwato, a kula da wani mai gilisarin na jabu

₦156,000. Jarka biyu na gilisarin (ruwan nan mai kauri da ake sa wa man shafawa don fata ta riƙe laima) na saya a wurinsa, kowace ₦78,000, kuma ruwan sukari ne aka dafa ya yi kauri aka ɗan tsarga masa gilisarin. ₦156,000 a farkon hunturu, lokacin da kowa ke neman man kaushi da faso.

Kada wanda ya ce min ban duba ba. Na duba. Kwalbar gwajin da ya kawo min unguwar Mabera ta gaske ce, gilisarin na man kwakwar manja, garau, ba wari, na shafa a bayan hannu na ji ɗumin nan nasa. Ya ce, "Hajiya, ke kin san kaya." Maganar nan ce ke hana ni barci. Har sikeli na sa. Lita ɗaya ta gilisarin kilo 1.26 ce, jarka mai lita 25 kuwa wajen kilo 31.5 ban da nauyin jarkar, kuma ta kai. Ashe sukari mai kauri ma kusan nauyinsa ke nan, mugun ya san aikinsa. Daga jarkar ya kamata in ɗiba, ba daga kwalbarsa ba.

Haɗin kilo 20 na yi, giram 800 na gilisarin ɗinsa a ciki, kashi 4 cikin 100 kamar kullum. Kwana 9 murafen robobi suka kumbura, man ya yi tsami, ga fumfuna a sama. Sukari da ruwa abincin yis ne, maganin hana lalacewa da aka auna bai iya riƙe su. Tun ma kafin nan, ranar da na tura kuɗin, ya ce shagonsa na cikin babbar kasuwa. Na je, babu wanda ya taɓa jin sunansa. Lambar a kashe. "Kin san kaya." ₦156,000, ban da man kaɗanya da robobin da na zubar.

Hoton hirarmu ta WhatsApp da rasit ɗin banki zan sa da dare in sha Allahu, NAFDAC ma zan kai musu ragowar.

Ku ɗiba daga jarkar da kanta. Ku ɗiga a faranti ya kwana: gilisarin bai bushewa, sukari na yin ɓawo. Ko ku ɗora cokali a wuta, in ya yi ja da ƙamshin alewa, kada ku biya.