Idon Gwani ko Ƙa'idar Lissafi?

Idan ana son hango ko ɗalibi zai yi nasara a karatu, wa za a bi: ƙwararren da ya daɗe a aikin, ko ƙa'idar lissafi mai haɗa 'yan alƙaluma?

A 1954 Paul Meehl, masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Minnesota, ya tattara bincike kusan 20 da suka gwada hasashen ƙwararru da na lissafi, ya tarar lissafi yana kamo ƙwararru ko ya wuce su. A 2000 William Grove da abokan aikinsa suka duba bincike 136, labarin bai sauya ba. Dalilin yana da ciwo: mutum yakan gaji, fara'ar wanda ke gabansa ta ruɗe shi, ya yanke hukunci biyu mabambanta kan magana ɗaya. Lissafi kuwa yau da gobe duk ɗaya ne.

Amma ban yarda a raina gwani ba. Gary Klein, wani masanin halayyar ɗan Adam, ya nazarci shugabannin 'yan kwana-kwana masu gane haɗari cikin ƙiftawar ido. A 2009 shi da takwaransa Daniel Kahneman suka amince cewa irin wannan basira abar dogaro ce inda alamu ke maimaituwa, mutum kuma yake ganin sakamakon hukuncinsa da wuri. Mai tantance ɗalibai kuwa sai bayan shekaru yake jin labari, in ma ya ji.