Maganar ɗakin haya a Jamus

Salam Yaya, ya gida ya su Umma? Ka tambaye ni batun haya tunda autanmu na shirin tahowa, to bari in faɗa maka abinda na gani da idona.

A nan mai gida baya tashi da safe yace kwashe kayanka. Sai ya rubuto notis a takarda da sa hannunsa, na baki ko na WhatsApp doka bata san da shi ba, kuma dole ya kawo dalili, misali shi ko ɗansa ne zai shiga. Wata 3 ake baka, in ka shekara 5 a gidan wata 6, shekara 8 kuma wata 9. Ko wa'adin ya cika bai isa ya canza kwaɗo ko ya watso maka kaya waje ba, sai kotu ta yanke hukunci ma'aikacinta yazo. A gida ma ai akwai dokar notis, amma kasan yadda ake cire wa mutum ƙofa da mata da yara a ciki, talaka yana tsoron kotu ya haƙura, abin yana min ciwo wallahi.

Sai dai akwai ramin da na faɗa ciki, shi nake so ka ja wa autanmu kunne akai. Ɗakina na farko a cikin gidan da mai gidan take zaune ne, gado da kujera duk nata, kicin ɗaya muke shiga. Ranar 14 ga wata na dawo aiki na tarar da ambulan a ƙarƙashin ƙofa, wai in tashi ƙarshen wata. Da gudu na kai wa ƙungiyar 'yan haya, Mieterverein suke ce mata, lauyan ya karanta yace tana kan daidai, irin wannan ɗakin in dai notis ya iso ka kafin 15 ta wuce to ƙarshen watan zaka fita, ba sai ta faɗi dalili ba. Sati biyu ina yawon neman ɗaki cikin sanyi.

Kuɗin haya wata-wata ne, ba na shekara ba kamar namu, kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa a matsayin jingina kuma baya wuce na wata 3. Amma in bashin wata 2 ya taru a kanka ana iya soke hayar nan take.

Dan Allah kace masa kar ya sa hannu a kowace takarda sai ya turo min hotonta na duba.